Shagon sabunta tsofaffin kayan ɗaki a Ƙofar Ruwa: inda ya yi zarra da inda ya gaza

A ɗaya daga cikin lungunan da ke kewaye da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano akwai wani shago marar allon suna, wanda wani kafinta da wani mai walda suke gudanarwa tare da yaransu masu koyon sana'a. Ba sa ƙera gadon amare ko kujerun falo irin na sauran takwarorinsu. Abin da suka tsaya a kai shi ne karɓar tsofaffin kayan ɗaki da mutum ya samo a gwanjo, ko a hannun dillaliya, ko a wajen 'yan gwangwan, su sake musu fasali su zama wurin ajiya, wato kanta, da ma'ajiyar takalma, da maratayin tukwane, da makamantansu. Na ba su ayyuka daban-daban a shekarar da ta wuce, kuma tun da kayan sun ga damina sun ga hunturu a cikin gidana, ina ganin yanzu za a iya yi wa aikin nasu hukunci ba tare da an zalunce su ko an yaudari mai karatu ba.

Dalilin da ya sa irin wannan shago ke samun ciniki ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, kuma falanki da gam da fenti da marikan durowa suna cikin wannan sahu. Mai zaman haya a ciki da falo, wanda ɗakin girkinsa bai wuce ya tsaya ya juya ba, yana buƙatar wurin ajiya fiye da kowa, amma sabuwar kabad ɗin da aljihunsa zai iya ɗauka yawanci ta garin katako ce da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. Irin wannan kabad tana da kyau a ranar da aka kawo ta. Da zarar ruwan mofa ya taɓa ƙasanta, sai ta kumbura ta saki jiki kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma babu kafintan da zai iya mayar da ita yadda take.

A ganina babbar hajar wannan shago ba guduma ba ce, ba kuma injin walda ba, idon maigidan ne. Yana yarda mutum ya tura masa hoton abin da ya gani kafin ya biya kuɗi, idan kuma wurin bai yi nisa ba yakan tura babban yaronsa ya duba, kuma ba ya jin nauyin cewa a bar abu. Na taɓa nuna masa wata doguwar kabad ta talabijin 'yar Beljiyam, baƙa wuluk mai ƙofofin gilashi, wadda na riga na ƙwallafa rai a kanta. Da ya ga hoton bayanta da na gefen da ya ɗan fashe, sai ya ce, "Hajiya, wannan ko kyauta aka ba ki, kuɗin kurkurar da za ta kawo ta asara ne." Kafintan da ke neman kuɗin hannu kawai da ya karɓa, ya shafe ta da fenti, ya bar ni da ita. Yadda yake duba kaya kuwa abin koyi ne ga duk mai shiga gwanjo: yana ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙarar, ya zare durowa gaba ɗaya ya kifa ta ya ga ko an fafe katako an zura wani a cikin wani ne ko kuwa ƙusa kaɗai ke riƙe da ita, sannan ya durƙusa ya shafa ƙasan ƙafafun, domin idan akwai ƙwaron da ke cin katakon daga ciki, a nan ake ganin ƙananan huji da gari mai laushi.

Aikin da ya fi gamsar da ni shi ne na wata tsohuwar sif da na saya a hannun dillaliya, irin wadda iyayenmu mata suka tare da ita, ta katakon maɗaci mai nauyin da sai da ƙarti huɗu suka ɗauke ta. Madubinta ya fashe, ƙofa ɗaya ta karkace ba ta rufuwa, an kuma yi mata fenti a kan fenti har zanen da ke jikin ƙofofin ya toshe. Na so a mayar da ita ma'ajiyar kayan abinci. Kafintan ya cire sandar rataye tufafi, ya auna kayan da na ce za su shiga, wato robobin shinkafa da wake, da galan ɗin mai, da gwangwanayen kayan ƙamshi, ya raba cikin gida huɗu da ba su yi daidai da juna ba. Na ƙasa ya yi shi mai tsawo domin manyan robobi, na tsakiya daidai tsayin kwalba, na sama kuma gajere. Abin da ya nuna mini cewa ya san aikinsa shi ne hawan da ke daidai ido: ya yi shi rabin zurfin sauran, ya ce idan kanta ta cika zurfi, abin da ke baya mantawa ake yi da shi har ya lalace, kuma hannu ba ya kaiwa sai an sauke na gaba. Kafintocin da na saba da su sukan raba kabad gida-gida daidai wa daida saboda ya fi sauƙin yanka, ba tare da sun tambayi abin da za a ajiye ba.

Ƙofofin ma bai yar da su ba. Ya fitar da allon tsakiya na kowace ƙofa ya bar firam ɗin, ya ɗaura raga mai ƙananan ido irin ta taga, ya danne gefenta da siririn katako ta yadda babu bakin wayar da zai ja mayafi ko ya yanki yaro. Iska tana shiga, ƙuda ba ya shiga, kuma albasa da daddawa ba sa gumi a ciki lokacin damina. Allunan da ya fitar su ne suka zama biyu daga cikin hawan kantar, saboda haka katakon da aka sayo daga 'Yan Katako na Na'ibawa kaɗan ne. A ƙarƙashin kowace ƙafa mai waldar ya sa ɗan takalmin ƙarfe da ya ɗaga ta kamar inci uku daga ƙasa, don tsintsiya ta shiga, ruwa kuma kada ya taɓa katakon. Da hunturu ya kankama, ƙofar hagu ta ɗan ja baya ta bar tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba, abin da ba na ɗora wa kowa laifinsa tun da haka katako yake yi idan iska ta bushe, kuma ta koma daidai da aka shiga damina. Idan na haɗa kuɗin sayen sif ɗin da na aiki da na raga da na dako, bai kai rabin abin da aka yanka mini na sabuwa mai girmanta ta falanki ba. A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ɓangaren ƙarfe shi ma ba baya ba. Tsohon gado mai rumfa, wanda a da babu ɗakin amaryar da ba a gan shi ba, yanzu ana sayar da shi ne a kan sikeli a wajen 'yan gwangwan, kuma mafi yawansa yana ƙarewa a tukunyar narka ƙarfe. Na sayi fuskar kan gado guda ɗaya kawai. Mai waldar ya yanke ƙafafun, ya bar adon murɗaɗɗen ƙarfen yadda yake, ya lanƙwasa guntayen rodi suka zama ƙugiyoyi, aka kafa ta a bangon ɗakin girki. Tukwane da ludaya da matankaɗi da suke cin rabin teburina duk sun koma bango. Waldar tana da tsabta, ya goge kowane haɗi babu tudun da zai kama hannu, kuma ya dage sai da yaronsa ya zo ya huda bangon ya sa dogayen kusoshi masu murɗi, domin bulon gidajen haya na yanzu ba ya riƙe ƙusar da aka buga da guduma idan an ɗora mata nauyi. Wannan hikimar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, duk wanda ya shiga Tsohuwar Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya san yadda ake tayar da mataccen ƙarfe. Bambancin wannan shago shi ne yana yin aikin ne a kan ma'aunin ɗakin mutum da buƙatarsa.

Wasu ayyukan ba su da abin dogon bayani. Ƙafar tsohon keken ɗinki samfurin Butterfly da aka ɗora wa allo ta zama teburin guga mai ƙananan durowoyi na ajiye zare da maɓallai da takardun wuta, kuma ta yi daidai. Wata adaka ta ƙarfe an buga mata inda ta lotsa, an sauya marikinta, an shimfiɗa siririn falanki a cikinta don tsatsa kada ta ɓata barguna. Wanda ban ga ribarsa ba shi ne durowoyin da aka sa wa tayoyi domin a tura su ƙarƙashin gado, dabarar da ta cika bidiyoyin intanet. Tayoyi masu kyau suna da tsada, masu araha kuma sun fara tirjewa a kan siminti ba da jimawa ba, ga shi durowar ba ta da murfi, ƙurar hunturu ta mayar da ita tata. Babbar roba mai murfi daga Ƙofar Wambai za ta yi wannan aikin da kuɗin da bai kai haka ba, kuma ya kamata a ce maigidan, da ya saba faɗin gaskiya, ya faɗa mini haka.

Ma'ajiyar takalma an yi ta ne da katakon falet, wato dandamalin da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena, wanda ake samu a hannun masu kwaso shi daga kamfanonin Sharaɗa da Bomfai da Challawa. A nan akwai abin da masu shagon ba su kula da shi ba, wanda ya kamata mai saye ya kula da kansa. Falet ɗin da ya ƙetare iyakar ƙasa yana ɗauke da hatimi a gefensa bisa wata ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 domin hana ƙwarin itace yaɗuwa. A jikin hatimin akwai haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi, sannan akwai HT ko MB. HT na nufin an gasa katakon har cikinsa ya kai maki 56 na ma'aunin Salsiyas na aƙalla minti 30, MB kuwa na nufin an turara shi da iskar guba mai suna methyl bromide. Na farkon shi ne wanda hankali ya fi kwanciya da shi a cikin ɗaki. Sai dai hatimin bai san abin da ya zube a kan katakon bayan an buga shi ba, kuma tun da Challawa matattarar kamfanonin jimar fata ce masu aiki da sinadarai iri-iri, duk katakon da ke da tabon launi ko wani wari na daban gara a bar shi. Da na tambaya, sai na ga su dai kauri da rashin tsagewa kaɗai suke dubawa. Aikin kansa ya yi ƙarfi, hawa biyar masu ɗan gangare, amma sai da na mayar da shi aka ƙara goge shi, domin katakon falet yana da sartse, kuma yara ne suka fi kai hannu wurin.

A wani fannin kuwa sun nuna taka-tsantsan da ya burge ni. Na kai musu duro na ƙarfe mai cin lita 200 da nufin a yi masa murfi na riƙa zuba masara, mai waldar ya sunsuna bakinsa ya ƙi, ya ce bai san abin da aka fara zubawa a ciki ba, kuma shi ba ya kusantar da wuta ga duron da bai san tarihinsa ba, saboda tururin mai ko na sinadari da ya rage a ciki yana iya fashewa da mutum. Haka kuma da na nuna masa tsofaffin kwalla da langa da fentinsu ya ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito, shawararsa ita ce a ajiye sabulu da kayan ɗinki a ciki, a raba su da abinci mai ruwa.

Inda shagon ya gaza ƙwarai shi ne fenti. Suna tsinka fentin mai fiye da kima domin ya yi auki, suna shafa shi a waje a bakin hanya, kuma ba sa jiran shafi na farko ya bushe sosai kafin su ɗora na biyu. Maratayin tukwanen da aka yi wa fenti da hunturu ya zo da ƙura a manne a jikinsa, idan aka shafa hannu sai a ji ƙaiƙayi, kuma a wuraren da ƙugiya ke gogar ƙarfe fentin ya riga ya tashi, domin ba su fara sa jan fentin da ke hana tsatsa ba sai da na nema a aiki na gaba. A kan sif ɗin ma sun so su lulluɓe maɗacin da farin fenti, wai shi ake yayi. Na ƙi, na ce a kankare a shafa man katako kawai, kuma jan launin itacen da ya fito ya fi duk wani fentin da ke cikin shagon kyau. Mai son ado irin na hotunan intanet, da launuka masu taushi da shafi mai santsi, ya karɓi kayansa ba fenti ya kai wa mai feshi.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne yadda ake kankare tsohon fentin. Yara masu koyon aiki ne ke gurzar sa a bushe da samfefa, babu abin rufe hanci, ƙurar tana tashi tana sauka a kan tufafinsu da kwanon abincinsu. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya sun sha gano ta da yawa, musamman a launin rawaya da ja. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan abin da ƙurar dalma ke yi wa ƙananan yara, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yawan dalmar da ke jikin kabad ɗaya bai kama ƙafar wancan ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, wato ƙura zuwa hannu zuwa baki. Maganin abin ba shi da tsada: a jiƙa wurin kafin a gurza, a rufe hanci, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Na yi wa maigidan magana ya karɓa da fara'a, amma da na sake komawa ban ga an sauya komai ba. Duk wanda zai yi irin wannan aiki da kansa a gida, kada ya kankare tsohon fenti a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Ba sa kuma ɗaukar alhakin ƙwari, kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Kayan gwanjo sun kwana a ɗakunan da mai saye bai sani ba, kuma kuɗin cizo yana ɓuya a tsagar katako da cikin bututun gadon ƙarfe tsawon watanni ba tare da ya ci komai ba. Zafin da ya kai maki 50 yana kashe shi har da ƙwansa, saboda haka ƙarfe a kwarara masa tafasasshen ruwa a kowane haɗi, ƙananan kaya irin su durowa kuma a ɗaure su a baƙar leda a shanya a ranar Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40. Babbar sif mai kaurin katako zafin rana ba lallai ya ratsa ta ba, sai an bi tsagoginta ɗaya bayan ɗaya da fitila. Wani yaron shagon ya ce a yi mata wanka da fiya-fiya, shawarar da ban ɗauka ba, domin abin da za a zuba garin tuwo a cikinsa bai dace a jiƙa shi da guba ba. Duk wannan a yi shi kafin kayan su shiga ɗaki.

Batun lokaci kuwa, alƙawarin kafinta ne kamar yadda aka san shi. Aikin da aka ce mako ɗaya yakan kai uku, wani lokaci saboda rashin wuta da tsadar man janareta, wani lokaci kuma saboda an karɓi aikin da ya fi ƙarfin hannayen da ke shagon. Ba sa ba da rasit, kuma farashin da aka yi da baki yakan ƙaru idan an buɗe kaya aka tarar da ɓarnar da ba a gani ba tun farko. Ban ɗauki wannan a matsayin cuta ba, domin tsohon abu ba ya nuna cikinsa sai an kwance shi, amma ya fi kyau a raba kuɗin kayan aiki da kuɗin hannu tun a zaman farko, a rubuta a saƙon waya kowa ya riƙe, a kuma bar wani kaso sai an kawo aiki an duba.

Shagon ya dace da wanda ya samu tsohon abu mai ƙashi, maɗaci ko loko ko ƙarfe mai kauri, yana kuma da haƙurin jira da na sa ido a kan fenti. Bai dace da amaryar da ke son jeren kaya masu launi ɗaya kafin ranar kafi ba, bai kuma dace da wanda ke sauya gidan haya duk shekara ba, domin kayan da suke fitowa daga nan suna da nauyi kuma ba a kwance su. Kafin a je, a auna bangon da abin zai tsaya, a auna faɗin ƙofar ɗaki da ta zaure da lanƙwasar matakala idan bene ne, a tafi da ma'aunin a rubuce da inci, domin da shi suke aiki. A kuma yi cinikin kurkura zuwa da dawowa tun kafin a biya dillaliya, saboda dako sau biyu ake yin sa, daga wurin saye zuwa shago, daga shago zuwa gida, kuma a kan ƙananan kaya kuɗin dakon yana iya cinye duk rangwamen da aka samu a gwanjon.